Jar Motar Baba Mai Kujera Biyu

Shekarar da Baba ya ajiye tuƙin bas, duk mun ɗauka tabarma zai shimfiɗa a ƙofar gida ya riƙe carbi, kamar yadda sa'o'insa suka yi. Ya kai saba'in a lokacin, ko ma ya ɗan haura, don ba shi da takardar haihuwa. A Jazira aka haife shi, a zangon masu tsinkar auduga. Iyayensa maniyyata aikin hajji ne da suka taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya neman na ƙarasawa, har Allah ya yi zamansu a nan. Daga gonar auduga ya zama karen mota, daga nan ya zama direba, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana kai mutane Madani da Sinnar yana dawowa.

Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Omdurman. Maigidana ya rasu, na dawo gidanmu na Kalakla da 'ya'yana biyu. Yayanmu, ɗan farin gidan, yana da shagon yadi, gidansa kuma yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu.

Wata Talata da la'asar ina duba littattafan ɗalibai a tsakar gida, sai na ji ƙugin babbar mota da hayaniyar mutane a waje. Na yafa tobina, wato babban mayafin matan nan, na leƙa. Wata babbar mota ce ta jawo wani abu da igiyar ƙarfe, Baba na zaune cikin abin yana riƙe da sitiyari, kansa a waje domin babu rufi. Mota ce, amma ban taɓa ganin irinta kusa da kusa ba. Gajera ce, cikinta na neman shafar ƙasa, hancinta dogo, ƙofa biyu, kujera biyu. Launinta kuwa sai ka rantse ba a taɓa yi mata fenti ba. Kashin tattabaru ya rufe bayanta, busasshen ganyen dogon yaro ya cika ƙarƙashin kujerun.

Inna ta fito, hannunta duk ƙullun kisira, wainar dawa mai faɗi da ake ci a nan, ta tsaya ta ƙare wa abin kallo.

“Alhaji, wannan kuma gawar wa ka ɗauko mana?”

“Ba gawa ba ce, Hajiya. Barci take yi.”

“To ka mayar da ita ta ƙarasa barcinta inda ka same ta.”

Baba ya yi dariya, ya dafa ƙofa ya miƙe da ƙyar, ya ce a kira masa magini gobe, don sai an faɗaɗa ƙofar gida.

Daga baya muka ji asalinta. Ta wani ɗan kasuwa Bagirke ce da ya bar ƙasar, ya bar ta a garejin wani makanike a bayan kasuwar Suk al-Shabi, inda ake gyaran manyan motoci. Ta fi shekara goma a gindin bishiya. Ashe duk ranar da Baba ya kai bas gyara, sai ya zagaya ya tsaya a kanta, ya share mata gilashi da hannun rigarsa, ya koma. Bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Da ya ajiye aiki, ya sayar da rabonsa na bas ɗin, ya nufi garejin kai tsaye.

Wata bakwai aka yi ana gyara. Mai garejin, wani tsoho ne mutumin Dongola, abokin Baba tun suna samari, kowa Usta yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk gwanin makanike. Kullum bayan hantsi sai ya iso a kan kekensa da jakar sifanu. Su biyun su shige ƙarƙashin motar, ƙafafunsu kawai ake gani, suna gardama da Larabci kamar za su daku, can kuma a ji sun fashe da dariya. Abin da babu irinsa a kasuwa, sai su zana a bayan kwalin sigari su kai wa masu ƙira su fiƙe musu. Inna ta rasa inuwar da take tuyar kisira, ta koma bayan ɗaki tana mita, amma ko sau ɗaya shayinsu bai makara ba.

Ranar da za a kai ta fenti, Yaya ya shigo ya durƙusa gefen Baba ya ce, tunda dai an riga an yi, a yi mata fari ko ruwan toka, launin manya. Baba ya matsa jikin motar. Ya ɗauki wuƙa ya kankare wani wuri a ƙasan ƙofa, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ya nuna masa. Ja ne wur kamar zoɓo.

“Da wannan aka haife ta,” in ji shi.

Ranar da ta fara fita da ƙafarta, rabin unguwa ya fito. Baba ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya zauna. Bai kai ga kwalta ba iska ta kwance rawanin ta jefa shi kan katangar maƙwabta. Tun daga ranar hula kawai yake sawa in zai tuƙa, rawanin yana ninke a bayan kujera, sai ya isa ya naɗa.

Magana kuwa an yi ta. A ƙofar masallaci wani dattijo maƙwabcinmu ya tare shi ya ce, “Alhaji, irin wannan ai ta 'ya'yan masu kuɗi ce, waɗanda ke zagaye bakin Nilu da yamma da suma kamar kwando. Ina kai ina ita?” Baba ya ce masa, “Su ma in Allah ya ba su tsawon rai za su iya tuƙa ta.” Wasu suka ce tsufa ne ya zo masa da gardama. Wasu suka ce duk wanda ya sayi jar mota da furfura, ba motar yake so ba, kallo yake so. Mata suka riƙa zuwa wajen Inna da fuskar jaje, suna cewa ta sa ido. Inna, wadda a cikin gida ba ta bar motar ta huta da baƙar magana ba, a gabansu sai ta ce, “Mutumin da ke kwana da baƙin mai a farce? Ku bar shi da ƙarfensa. Nasa ne, ba na aro ba.” Amma ta rantse ita kam ƙafarta ba za ta taka ciki ba.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji kunya. Na girma ina alfahari da cewa ubana direban babbar mota ne, mutum mai nauyi wanda ake ba amanar rayuka. Ganinsa a cikin wannan abu, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa, sai nake ji kamar ya sa rigar jikansa. In abokan aikina suka tambaya ko gaskiya ne, sai in ce ai gyara yake yi ya sayar.

Wata safiya aka tashi da wahalar mai. Na fi awa ɗaya a bakin kwalta, duk hafilar da ta zo, wato ƙaramar bas ɗin haya, a cike take har da masu lilo a ƙofa. Ga shi ranar nake da jarrabawa da 'yan aji shida. Ina tsaye ina duba agogo sai ga jar motar ta tsaya a gabana.

“Malama, shigo,” in ji Baba. Haka yake kirana tun ranar da na fara aiki.

Na waiga dama da hagu, duk wanda ke wurin ni yake kallo. Na tattare tobina na shiga. Zama ne kamar a kan tabarma. Tayoyin manyan motoci suna wucewa daidai kunnena, na ƙanƙame jakata ina salati a zuci. Amma ba mu yi nisa ba hankalina ya kwanta, don na ga yadda yake tuƙin. Hannunsa a kan sitiyari kamar mai riƙe da jariri. Ba ya taka birki sai ka ji mota ta riga ta rage gudu da kanta, ba ya wuce kowa sai ya ga abin da ke gaban na gabansa. In ya canza giya ba ka jin komai sai muryar injin da ta sauya. Ramukan hanyar nan kuwa ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan cikinsa.

A bakin gadar Farin Nilu wani ɗan sandan hanya, matashi, ya ɗaga mana hannu. Ya zagaye motar, ya sunkuyo ya yi wa Baba magana da Larabci.

“Ya Hajj, ina mai motar?”

“Ga shi kana magana da shi.”

“Ina nufin ɗanka ne ya ba ka, ko kai direbansa ne?”

Baba ya ciro takardu ya miƙa masa. Ɗan sandan ya duba takardar mota, ya duba fuskar Baba, sannan ya buɗe lasin. Da ya ga na manyan motoci ne, ya ga kuma tun lokacin da aka fara ba shi, sai ya gyara tsayuwa. Ya ce shi ba a ma haife shi ba a lokacin. Ya mayar da takardun da hannu biyu, sannan ya rage murya kamar mai tambayar asiri.

“Ya Hajj, don Allah, tana gudu kuwa?”

“Ta fi ƙarfin hanyar nan,” in ji Baba. “Shi ya sa muke lallaɓa ta.”

Da muka shiga Omdurman, saura layi ɗaya a kai makaranta, na ce, “Baba, ajiye ni a kwanar nan, na ƙarasa da ƙafa.” Bai tambaye ni dalili ba. Ya tsaya, ya miƙa hannu ya buɗe mini ƙofa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Duk tsawon jarrabawar nan ina zagaye tsakanin kujerun ɗalibai amma hankalina na kan wannan shirun nasa. Ya gane sarai. Da aka tashi na fito ina tunanin yadda zan koma gida, sai na hango shi. Bai zo ƙofar makaranta ba. Yana nan a kwanar da na ce, a inuwar wani shago, ya jingina da motar yana jirana.

Muna kan gada na ce, “Baba, gobe ka kai ni har ƙofa.”

Ya ce, “To.”

Washegari 'yan mata suka yi dafifi a ƙofar makaranta suna tafi, shugabarmu ta fito da bulala ta kore su, sannan ita ma ta tsaya ta shafa murfin injin.

Ba a daɗe ba aka zo neman auren 'yar Yaya ta fari. Saurayin ma'aikacin asibiti ne, sun daidaita da ita, danginsa kuma gidan malamai ne a unguwar Alhilla Kuku. Kakansa wani babban malami ne da ya haura tamanin, wanda almajiransa suka zama limamai a unguwanni da dama, aka ce shi da kansa zai jagoranci masu zuwa. Tunda a gidan Baba za a karɓe su, Yaya ya shiga damuwa. Ya same shi bayan sallar magariba, ina gefe ina zuba shayi.

“Baba, ina neman alfarma. Ranar da baƙin nan za su zo, a kai motar nan garejin Usta ta yini.”

“Me ta yi?”

“Ba ta yi komai ba. Amma ka san mutane. Gidan ilimi ne. Kada su shigo su ga jar mota irin ta samari a gidan dattijo, su koma suna cewa gidan ba natsuwa.”

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Ba mai yawan magana ba ne, don haka abin da ya faɗa ranar ya zauna mini.

“Shekara arba'in ina tuƙi da mutum sittin a bayana,” in ji shi. “Wannan yana so ya sauka, wannan ɗanta na amai, wannan buhun albasarsa ya faɗi. Ban taɓa juya sitiyari don ni nake son zuwa wurin ba. Lokacin da nake saurayi, da nake da shekarun da kuke cewa su ne nata, ina cikin auduga, ƙaya na cin yatsuna. Da na fita daga auduga ku nake ciyarwa. Yanzu da na samu, kun ce lokaci ya wuce. To ka faɗa mini, yaushe ne lokacin nawa?”

Yaya ya sunkuyar da kai.

“Ba zan fitar da ita daga gidana kamar abin sata ba,” Baba ya ci gaba. “Amma yarinyar nan jikata ce, ba zan so a ce ni na ɓata mata ba. Zan rufe ta da tamfol.”

Haka aka yi. Ranar, bayan la'asar, baƙi suka cika tsakar gidan maza, mu mata muna ciki muna shirya shayi da dabino, ni kuma ina leƙe ta taga. Motar na can gefe a rufe ruf da koren tamfol, an ɗora duwatsu a gefunansa. Aka gaisa, aka nemi iri, Baba ya bayar, aka shafa fatiha. Komai ya tafi daidai. Da suka miƙe za su tafi, 'ya'yan malamin biyu suka kama shi suka tayar. Ɗan ƙaramin tsoho ne, da gemu fari fat, yana dogara sanda. Ya yi taku kaɗan sai ya tsaya daidai tamfol ɗin. Iska ta ɗan ɗage gefe ɗaya, jan fenti na leƙowa. Ya sa bakin sandarsa ya ƙara ɗagawa.

Na dubi Yaya. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

“Wannan ta wace ce?” in ji malamin.

“Tawa ce, Malam,” in ji Baba.

“A buɗe in gani.”

Aka kwashe duwatsu, aka yaye tamfol. Malamin ya zagaye ta a hankali, sanda na gaba yana biye. Ya tsaya a gaban hancinta.

“Tana tashi?”

“Tana tashi, Malam.”

“To kai za ka mayar da ni gida.”

Babban ɗansa, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu, ya matso ya ce, “Baba, ga motar da muka zo da ita a waje. Wannan ba ta da rufi, kuma ba ta dace da…” Malamin ya ɗaga masa hannu. Ya ce tun zamanin Ingilishi, yana ƙaramin almajiri a Madani, wani Bature mai duba gonakin auduga yake wuce su a irin wannan, su bi ƙurarsa da gudu. Ya ce ya karanta littattafai da yawa tun daga lokacin, bai ga inda aka hana tsoho zama a cikinta ba. Ya kwance rawaninsa da kansa ya miƙa wa ɗan nasa, ya ce ya riƙe masa.

Mutum uku ne suka taimaka aka zaunar da shi. Suka fita, sauran baƙin na biye da su a baya kamar rakiyar amarya. Baba bai dawo ba sai da aka idar da magariba. Muka yi masa caa da tambaya. Ya ce babu wani labari, sai dai Malam ya ƙi a bi gajeriyar hanya, ya ce a bi ta bakin kogi, kuma tun daga Kalakla har ƙofar gidansa bai rufe baki ba, yana ba shi labarin jakin da ya taɓa mallaka wanda babu mai cin masa a tsere. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya naɗe tamfol ɗin da hannunsa ya kai ɗakin ajiya.

Inna ce ta rage. Bayan biki da 'yan makonni, wata Juma'a da sassafe, muka ga ta fito da sabon tobi, da fulas ɗin shayi a hannu ɗaya, da 'yar tabarma a ɗayan. Ta tsaya a gefen motar tana kallon wani wuri daban.

“Kifin Jabal Auliya nake marmari,” in ji ta, ba tare da ta dubi kowa ba.

Baba bai tuna mata rantsuwarta ba. Ya ɗauko matashi ya ɗora a kujera, ya riƙe mata hannu. Shiga ta zo da sauƙi. Da suka dawo da azahar ne aka sha fama, don gwiwoyinta sun ƙi, sai da ni da matar Yaya muka kama ta muka ciro, tana faɗa tana dariya, tana cewa wanda ya ƙera wannan abu ba shi da uwa. Ta yi kaffarar rantsuwarta a makon nan. Juma'a ta gaba kuma ta riga shi fitowa.

Shekara shida suna wannan tafiya. Su tashi bayan asuba, su bi hanyar Farin Nilu zuwa madatsar ruwa ta Jabal Auliya, su ci soyayyen kifi a gindin bishiya, su dawo kafin a kira sallah. Inna ta koyi ɗaure tobinta a ƙarƙashin haɓa don iska. Unguwa ta saba. Dattijon nan da ya tare Baba a ƙofar masallaci, da ciwon sukari ya kama shi, a jar motar ake kai shi asibiti duk wata, har ya riƙa ɗaga wa mutane hannu. Da damina, in laka ta cinye layinmu, Baba kan bar ta a bakin kwalta gaban gidan burodi, ma'aikatan su lura masa da ita.

Sannan idonsa ya fara yana. Wata safiya ya fita shi kaɗai, bai jima ba ya dawo. Ya shigo da motar, ya kashe, ya daɗe a zaune ciki. Da ya fito ya rataye makullin a ƙusa a ɗakinsa. Na tambaye shi lafiya. Ya ce a kusa da kasuwa wani mai amalanken jaki ya fito daga lungu, ya taka birki ya tsaya, babu abin da ya taɓa, mai amalanken ma bai waigo ba.

“To ai alhamdu lillahi, Baba.”

“Na gan shi a makare,” in ji shi. “Da can tun kafin ya fito nake ganin kunnen jakin. Ban taɓa taka ko kaza ba a rayuwata, ba zan fara da ɗan mutum ba.”

Babu wanda ya ce ya daina, shi ya yanke wa kansa. An yi masa aiki a ido ɗaya, ya samu sauƙi har yana karatu, amma bai sake zama a bayan sitiyari ba. Duk safiya dai yakan tayar da injin ya saurara, ya goge ta, ya rufe.

Inna ce abin ya fi damu. Juma'a uku ta yi tana zagaye gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa. A ta huɗu ta same ni ina wanki.

“Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane, ke ba kya iya koyo ne?”

Shekarata arba'in da shida a lokacin, ko keke ban taɓa hawa ba. Na ce mata mutane za su yi dariya. Ta ce sun riga sun gama dariyarsu a kan ubana, ba su da saura.

A wani fili kudu da Kalakla Baba ya koya mini, Usta ne yake kai mana motar can, ya zauna a inuwa yana kallo. Baba na gefena, ba ya ko duban hanya sosai, kunnensa yake aiki da shi. “Ji ta, Malama, tana roƙon giya ta uku. Ba ta. A'a, ba da faɗa ba.” Mota ta mutu a hannuna ya fi a ƙirga. Sau ɗaya na shige cikin tumfafiya har tsakiya, Usta ya taso da gudu yana salati, Baba kuwa ya ce ba komai, in sa ribas, tumfafiya ba ta kai ƙara. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wata huɗu na samu lasin.

Sai a ranar da na kawo takardar gida muka tuna abin da duk muka manta: kujera biyu ce. In ni ke tuƙi, mutum ɗaya kawai zan ɗauka. Su biyun suka dubi juna. Baba ya ce Hajiya ta riƙa zuwa, shi ya gaji da kifi. Inna ta ce ƙarya yake yi. Aka daidaita a kan Juma'a ɗaya nata, ɗaya nasa. Wanda ya je ya taho wa ɗaya da kifi a naɗe cikin takarda, ya kuma ba shi labarin duk wanda aka gani da yadda ruwa ya kai. Haka muka yi shekara uku, har Allah ya karɓi ran Baba, a ɗakinsa, bayan gajeriyar jinya.

Da Inna ta fita takaba, ita ta fara cewa in duba mai. Muka ci gaba da fita mu biyu, har lokacin da Usta ya kwanta ciwo, aka rasa mai gyara mana motar.

A ɗaya daga cikin fitar nan ne muka tsaya shan mai a hanyar Jabal Auliya. Wani saurayi ya fito daga wata sabuwar mota, da tabarau a goshi, ya zagaye tamu sau biyu. Ya dube ni da furfurata da ta fara leƙowa, ya dubi Inna da tobinta ɗaure a haɓa da fulas a cinya.

“Hajiya,” in ji shi da Larabci, “ku sayar mini mana. Me za ku yi da irin wannan?”

Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

“Shekararka nawa, ɗana?”

Ya ce ashirin da biyar.

“Ka yi ƙanƙanta,” in ji ta. “Je ka ka dawo.”

Mai zuba mai ya yi dariya har ya zubar a ƙasa. Inna ta gyara zamanta, ta ce in ja mu tafi kada kifin safe ya ƙare.